Zaure, fili ko waya: ina ya kamata a fara nuna fina-finan farko na matashin darakta a Maraɗi?

A Maraɗi yanzu ba abin mamaki ba ne a ce wani yaro a unguwarku ya yi fim. Waya mai kyamara mai kyau, aron kwamfuta wajen wani ɗan jami'a, abokai biyar da suka yarda su haddace magana, kafin shekara biyu sai ka ga ya tara gajerun fina-finai uku ko huɗu: ɗaya a kan ɗan kabu-kabu, ɗaya a kan matan da ke matse man gyaɗa su soya ƙuli-ƙuli, ɗaya kuma na soyayya wanda shi kansa yanzu ba ya son a tuna masa. Daga nan sai ƴan fadarsu, ko ƙungiyar ɗalibai, ko wani yayansa da Allah ya ɗan buɗa wa, su ce ya kamata a yi wa yaron nan wani abu, a tara mutane su ga aikinsa. Kowa ya yarda da wannan. Inda ake rabuwa shi ne wurin da za a yi.

Wasu za su ce a kama zaure, a buga katin gayyata, a kira manya. Wasu su ce wane irin zaure kuma, a kafa allo a fili kamar majigin da, kowa ya zo da tabarmarsa. Na ukun, waɗanda galibi su ne ƙanana a cikin taron, su ce duk wannan wahalar banza ce, a ɗora a YouTube a watsa a WhatsApp, kafin gari ya waye an gani har Agadas. Ni dai ra'ayina, gara in faɗa tun yanzu, shi ne ga yawancin irin waɗannan fina-finai zaure ne ya kamata ya zo farko, fili ya biyo baya da fim ɗaya ko biyu da suka fi ƙarfi, waya kuma ta jira ƙarshe. Akwai fim ɗin da wannan tsari bai dace da shi ba, zan zo kansa.

Kada wani ya ɗauka yi wa fim ɗin farko biki shagwaɓa ce. A ƙasar nan harkar fim da ƙananan ayyuka ta soma. Mustafa Alasan ya fara ne a 1962 da wani gajeren fim mai suna Aouré, a kan yadda ake aure a ƙauyen Zabarmawa. Umaru Ganda, wanda ya yi soja a yaƙin da Faransa ta yi a Indocina, ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan kafin Bafaranshen mai shirya fim Jean Rouch ya sa shi a fim, nasa fim ɗin na farko, Cabascabo, bai kai awa ɗaya ba, amma an nuna shi a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1969. A 1972 shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, kuma kyautar da bikin ya keɓe wa wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko, sunan Umaru Ganda aka sa mata. A zamanin nan ma haka abin yake. Sani Magori ya fito ne a 2008 da fim a kan noman albasa a garinsu Galmi, nan kan hanyar Ƙonni. Aisha Macky ta Damagaram gajerun fina-finai ta fara yi lokacin tana karatu a IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa a Yamai, kafin fim ɗinta a kan matan da ba su samu haihuwa ba ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a 2016. Abin lura a duk waɗannan shi ne aikinsu na farko ya faɗa idon mutanen da za su iya share musu hanyar yin na biyu. Don haka wurin da aka fara nuna fim ba ƙaramar magana ba ce.

To, kafin a yi gardamar wuri, akwai gwajin da nake ba kowa shawarar ya yi, kuma ba ya cin ko dala. A kunna fim ɗin a lasifika babba, irin ta masu biki, a juya wa allo baya, a saurara kawai. In har wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya iya faɗin abin da ake cewa daga farko zuwa ƙarshe, fim ɗin zai iya zuwa ko'ina. In kuwa sai yana cewa "me ya ce?", to an riga an rage zaɓi. Ciwon fina-finan farko kusan kullum a sauti yake, ba a hoto ba. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai kyau, amma makirfon waya duk abin da ke kusa yake kwasa: iska, adaidaita mai wucewa, injin niƙan maƙwabta, zakara, yaran da aka kora suka dawo. Darakta ba ya jin wannan, don shi ya rubuta maganar, ya kuma ji ta sau ɗari lokacin haɗa fim ɗin. Kowane wuri cikin ukun nan kuma da yadda yake yi wa sauti maras kyau. Waya tana rufa masa asiri, musamman in mutum ya sa abin ji a kunne. Zaure yana ƙara masa amsa-kuwwa. Fili kuwa yana cinye shi gaba ɗaya.

Zaure ba ya wuyar samu a garin nan. Akwai gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, akwai ɗakunan lacca na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ga wanda yake da ƙungiyar ɗalibai a bayansa, akwai zaurukan makarantu da na otal-otal. Babbar fa'idarsa ita ce duhu a hannunku yake. In aka rufe tagogi da labule mai kauri ko kwali, ana iya nuna fim tsakanin la'asar da magariba, kuma wannan lokaci shi ke sa mata su zo. Uwar darakta da ƙannenta, ƴan matan da suka fito a fim ɗin, malamar da ta koyar da shi a firamare, babu wadda za ta nemi izinin fita da dare. Wanda bai taɓa shirya taro ba yana raina wannan, amma rabin mutanen da yaron yake so su gan shi suna cikin waɗanda ba sa zama waje bayan isha'i.

Fa'ida ta biyu, wadda a wurina ta fi kowace nauyi, ita ce a zaure ana iya magana bayan an kunna fitila. Darakta ya tsaya a gaba, a tambaye shi. Wani ya ce me ya sa wurin kasuwar nan ya yi tsawo haka, wata ta ce babu matar da ke yi wa mijinta magana da wannan kalmar a Maraɗi, wani ɗan rediyo ya ce yana da makirfo da zai iya ba shi aro nan gaba. Mutum sittin da suka zauna har ƙarshe suka faɗi abin da suka gani sun fi wa mai koyo amfani a kan dubu da suka latsa alamar so suka wuce. Shi ma yana samun damar da ba ya samu a ko'ina, wato ya zauna a baya cikin duhu ya ji inda aka yi dariya, inda aka yi tsit, da inda kujeru suka fara motsi aka fara ciro wayoyi. Wurin da aka ciro wayoyin nan shi ne wurin da zai yanke kafin fim ɗin ya sake fita.

Zaure kuma yana da haƙuri da fim mai tafiya sannu. Fim ɗin gaskiya, irin wanda ake bin mutum da kyamara cikin sana'arsa ba tare da an tsara masa magana ba, yana buƙatar mai kallo da ya zauna da niyyar kallo. Haka fim ɗin da aka yi da Faransanci ko aka rubuta fassara a ƙasan allo: a jami'a zai wuce lafiya, a fili kuwa an bar yawancin jama'a a baya.

Amma zaure yana da nasa cututtuka, kuma mafi muni shi ne jawabi. Da zarar an buga kati an sa kujeru masu laushi a gaba, taron ya tashi daga na fim ya koma na manyan baƙi. A jira babban baƙo awa guda, ya zo a yi addu'a, a yi jawabin maraba, a yi na shugaban kwamiti, a yi na wakilin wane, sai a kunna fim ana saura minti ashirin a kira magariba, babban baƙon kuma ya tashi da jama'arsa a tsakiyar fim na farko. Maganin wannan a rubuta a katin ƙarara cewa fim zai fara ƙarfe kaza, jawabi bayan fim. Wanda ya zo don fim zai ji daɗi, wanda ya zo don jawabi kuma dole ya kalli fim. Sai amsa-kuwwa: ɗaki mai siminti da rufin kwano, in babu kowa a ciki, magana dawowa take yi ta haɗu da wadda ke biye da ita. Jama'a in sun cika suna rage wannan, tabarmi da labule a bango ma suna taimakawa, kuma ƙananan lasifika huɗu da aka rarraba sun fi manya biyu da aka ƙure a gaba. Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, rufe tagogi don a samu duhu azaba ce sai in akwai na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da wutar da za ta ɗauke ta.

Abin da ya fi damuna da zaure, duk da ina goyon bayansa, shi ne wanda ba ya zuwa. Matar da aka ɗauka tana suyar ƙuli-ƙuli ba za ta shiga jami'a ba ko an kai mata kati har gida. Ɗan kabu-kabun da aka yi fim a kansa yana kan aiki a lokacin. Zaure yana tace mutane tun daga ƙofa, ba tare da kowa ya hana kowa ba.

Nan fili yake cin nasa. Dattawan garin nan sun san majigi, sun kuma san lokacin da gidajen sinima ke cika kafin bidiyo ya kashe su, kuma ƙungiyar nan ta Cinéma Numérique Ambulant ta daɗe tana yawo da allo da injin wuta a ƙauyukan Nijar, ta nuna cewa jama'a na fitowa in an kawo musu fim ƙofar gida. In karramawa ake nufi da gaske, wato yaro ya ga unguwarsu ta taru saboda shi, babu abin da ya kai fili. Babu kati, babu mai gadi. Yara a gaba, mata a gefe guda, samari a baya kan babura, mai shayi da mai tsire sun matso da kansu. Lokacin da wani ya gane ƙofar gidansu ko shagon kawunsa a allo ya yi ihu, wannan daɗin zaure ba ya bayar da shi.

Sai dai fili ba ya yafiya, kuma sharuɗɗansa suna da yawa. Na farko lokaci. Dole a jira duhu, a kuma jira a idar da isha'i, don haka da wuya a fara kafin takwas da rabi, kuma kafin goma iyaye sun fara kiran yara. Awa ɗaya da rabi ke nan, har da gaisuwa. Fim huɗu ba za su shiga ba, ko sun shiga ba za a zauna musu ba. A fili babu kunyar tashi: fim ya yi sanyi minti uku, sai ka ga bayan taro ya fara zarewa, yara sun koma guje-guje a gaban haske inuwarsu na rawa a allo. Darakta mai taurin zuciya zai koyi darasi daga wannan. Mai raunin zuciya yana iya ajiye kyamara.

Na biyu yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba hadari na iya tasowa cikin minti goma, kuma iskar da ke gabansa ta isa ta kwantar da allo. A tsakiyar hunturu sanyi da ƙura suna korar tsofaffi, ƙurar kuma tana shiga majigi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, an kai amfani gida, dare ya yi sanyi daidai, mutane kuma na da ɗan abin kashewa. A duba wata ma: daren farin wata yana wanke hoto fiye da yadda ake zato. Da azumi kuwa a haƙura, dare na asham ne da tafsiri.

Kayan aiki ba su da wuyar lissafi. Majigi mai hasken lumen 3,000 ya isa allo mai faɗin mita 3 in duhu ya yi sosai. Farin bango mai santsi ya fi zanen gado, don zane iska na kaɗa shi. Injin wuta dole ne, ba na ko-ta-kwana ba. Wutar yankin nan ta layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 lokacin da aka yanke ta daga can. Injin a kai shi bayan wani bango da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa ta haɗu da sautin fim ɗin da tun asali ba shi da ƙarfi, an gama.

Na uku, wanda samari suka fi mantawa, mutane. Ba a kafa allo a unguwa sai an gaida mai unguwa, an kuma sanar da ma'aikatar magajin gari da ƴan sanda kamar kowane taron jama'a. Yadda aka gabatar da maganar shi ne rabin izinin. A je da babba, ya ce: "Ranka ya daɗe, yaronku ne, ɗan gidan wane, ya yi ɗan aiki muna so iyayensa su gani su sa albarka." Tambayar da za ta biyo baya kusan sananniya ce: "Akwai rawa a ciki?" Maraɗi garin malamai ne, kuma gara a amsa da gaskiya. In akwai waƙa da rawa irin ta fina-finan Kano, ko wata shiga da za a yi magana a kai, to wannan fim ɗin ba na fili ba ne, ko kuma a cire wurin. Mafi kyau ma a kai wa mai unguwa da liman fim ɗin a waya su gani kafin ranar. Wanda aka nuna wa tun farko da wuya ya tashi a tsakiyar taro ya ce a kashe.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke cikin fim ɗin. Mace ta yarda an ɗauke ta tana faɗin matsalar gidanta don an ce mata aikin makaranta ne, wannan ba yana nufin ta yarda kishiyarta da surukarta su gan ta a bango mai faɗin mita uku ba. A koma a sake tambayar kowa, ɗaya bayan ɗaya, a faɗa masa inda za a nuna. Fim ɗin gaskiya a unguwar da aka ɗauke shi yana iya haɗa faɗan da zai daɗe bayan an naɗe allo.

Waya ita ce mafi sauƙi, shi ya sa ta fi ruɗi. Gaskiya ne babu kuɗin zaure, babu mai unguwa, babu hadari. Gaskiya ne kuma masu jin Hausa suna da yawa, daga Katsina da ba ta kai kilomita 100 daga nan ba har Kano, da ƴan ci-rani a Aljeriya da Libiya da Abijan waɗanda ganin titin garinsu kaɗai ya isa ya sa su kalla. An ga yadda Izzar So ya tashi a YouTube tun 2020, kowane yaro mai kyamara kuma ya sa wannan a ransa. Amma wancan dogon zango ne mai fita kashi-kashi da sanannun fuskoki, masu kallo na jiran sa. Gajeren fim na minti goma sha biyu daga wanda ba a sani ba, a tashar da ba ta da mabiya, yawanci ƴan uwa da abokai ne ke kallonsa a kwana biyun farko, daga nan ya kwanta. Yaro kuma ya riƙa duba lambar kullum yana auna kansa da ita.

Maganar kuɗi ma a rage buri. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da mai tasha tana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin biyan ba, sai a duba jerin ƙasashen kafin a ɗora rai. Gajerun fina-finai uku ba su kai mutum nan. In kuma an sa waƙar wani a fim ɗin, ta Indiya ce ko ta mawaƙin Kano, na'urar YouTube na iya gane ta, sai kuɗin ya tafi wajen mai waƙar ko a toshe bidiyon. A zaure babu wanda zai kama wannan, amma duk da haka gara a cire tun yanzu a nemi wani mai gurmi ko mai fiyano a gari ya yi sabon kiɗa, a rubuta yarjejeniya ko da a takardar makaranta ce.

Babban abin da ya sa nake cewa waya ta jira shi ne sakin fim a intanet zarar bunu ne. Ranar da ya fita, masu tura fina-finai a kasuwa sun sauke shi, yana yawo daga memori zuwa memori, sau da yawa an yanke sunayen da ke ƙarshe. Kuskuren da mutum sittin za su nuna maka a zaure ka gyara, yanzu ya zauna ke nan. Bukukuwan fim da yawa kuma ba sa karɓar fim ɗin da kowa ke iya gani kyauta a intanet, yawancinsu ma sabon aiki suke so, wanda bai wuce shekara ɗaya ko biyu da gamawa ba. FESPACO duk bayan shekara biyu ake yin ta, kamar 2023 da 2025. In a cikin fina-finan yaron akwai ɗaya da ake ganin zai iya shiga irin wannan gasa, shi ne wanda bai kamata a saki ba, alhali shi ne wanda abokai za su fi matsawa a ɗora. Akwai hanya ta tsakiya: a ɗora shi a ɓoye yadda sai wanda aka ba adireshin zai gani, a aika wa masu shirya biki da malaman fim. A kuma yi masa rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu ƙirƙira, kafin ya bar hannu. Don jan hankalin jama'a kuwa, ɗan guntu na minti ɗaya a WhatsApp da Facebook ya wadatar, shi ne ma tallar ranar taron.

Ta fuskar kashe kuɗi, waya ce mai arha, fili kuma yakan zarce zaure in aka haɗa hayar majigi, lasifika, injin wuta da mansa, kujerun dattawa da ɗan abin da za a ba matasan da za su tsare wuri. A zaure ana iya sa kuɗin shiga kaɗan, a fili ba a iyawa. Amma ni ban ga amfanin tikiti a bikin farko ba, jaka nawa za a tara? Gara a nufi Alhazan gari tun da wuri. Garin kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ya fi gane buƙata mai suna: "Alhaji, hayar majigi muke nema ka ɗauke mana," ya fi "a taimaka wa matasa". Abin da aka tara kuma kada ya ƙare a lemo da takardar yabo mai firam. A saya wa yaron ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, da faifan ajiya na waje. Fina-finan farko da yawa sun ɓace ne don suna cikin waya ɗaya da aka sace ko kwamfuta ɗaya da ta mutu, kuma fim na minti 20 mai hoto mai kyau ya haura giga ɗaya, kwafin da ya bi ta WhatsApp a matsayin bidiyo kuwa an matse shi, ba ya maye gurbin na asali.

Wane fim za a nuna, wane za a bari? Masu shirya biki suna son a nuna duka, a jere daga na farko, don a ga yadda ya ci gaba. A zaure wannan yana da ma'ana, in duka ba su wuce awa ɗaya ba. Amma in darakta ya ce akwai wanda ba ya so a gani, a ƙyale shi, bikinsa ne. Kuma a fara da mai ƙarfi, ba da mafi tsufa ba, don minti biyar na farko su ke sa mutum ya gyara zama.

Yanzu ga inda nake janye shawarata. In fim ɗin na barkwanci ne ko labari mai tafiya da sauri, da Hausar gari zalla, ya ci gwajin lasifikar nan, babu rawa, waɗanda ke ciki duk sun yarda, kuma ana cikin Nuwamba, to babu dalilin tsayawa a zaure, a tafi fili kai tsaye, in ya karɓu a kai shi Tsibiri da Madarumfa a makonni masu zuwa. In kuwa yaron ba shi da niyyar bin bukukuwa ko makarantar fim, burinsa ya kafa tasha ya riƙa sakin kashi-kashi kamar na Kano, to waya ce kasuwarsa, sai dai ko shi ya tara mutum ashirin a ɗaki ɗaya su gani kafin ya ɗora, ya kuma tanadi kashi uku ko huɗu a ƙasa don kada tashar ta yi shiru bayan na farko. Wanda yake da fim ɗin gaskiya mai taɓa sirrin gida, ko mai fassara a ƙasan allo, ko wanda sautinsa sai an kasa kunne, zaure kaɗai ya dace da shi a yanzu, kuma ƙarami, na mutum hamsin zuwa tamanin, ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, a kauce musu. A je zauren kwana ɗaya kafin taron da ainihin majigin da ainihin lasifikar da za a yi aiki da su, a kunna kowane fim daga farko har ƙarshe, wani kuma ya zauna a kujerar da ta fi nisa ya ɗaga hannu duk inda bai ji magana ba.